Fetur Ko Gas: Me Zai Maye Gurbin Dizal A Manyan Motoci?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a mararrabar Jega da maraice, musamman a lokacin kakar albasa, ba sai an gaya masa abin da ke ɗauke da arzikin wannan yanki ba. Ga tireloli sun fito daga Aliero an lafta musu buhuna har sun yi tozo, ga motocin shinkafa da gero da dawa, ga na shanu da tumaki, ga na siminti masu gangarowa daga Sakkwato. Wasu su karkata zuwa Birnin Kebbi, amma da yawansu kudu suke miƙewa, su ratsa Maiyama da Koko da Yawuri da Kwantagora, su haye gadar Jebba, sai Ilori, sai Badun, sai Ikko. Tafiya ce ta fiye da kilomita 800, kuma babu wata dabarar da ta wuce ta, domin jirgin ƙasa bai taɓa shiga ƙasar Kabi ba. Tun da reshen dogo ya tsaya a Ƙauran Namoda cikin 1929 bai ƙara gaba ba. Watau dai duk abin da mutumin Aliero ko Jega ko Maiyama ya noma, in zai kai shi babbar kasuwa, bisa taya zai tafi, tayar kuwa man dizal ne ke juya ta.

Abin da ya sa ke nan tsadar dizal ba ta tsaya a kan mai mota shi kaɗai ba. A farkon shekarar 2022 ana sayar da lita a wajen N300 da 'yan kai, amma kafin shekarar ta ƙare, bayan ɓarkewar yaƙi tsakanin Rasha da Yukren, ta kai N800. A farkon 2024 ta haura N1,500 a wurare da dama, har ta kai ƙungiyar masu motocin sufuri ta ƙasa, watau NARTO, ta janye tankokinta na ɗan lokaci cikin watan Fabrairu, tana kukan cewa kuɗin dako ba ya biyan kuɗin mai. Farashin ya ɗan sauko bayan da matatar Ɗangote ta fara sayar da dizal a wannan shekara, amma bai koma gidan jiya ba. Kowane kwabo da aka ƙara a famfo, mai mota zai ɗora shi a kan kuɗin buhu. Ɗan kasuwa kuma, tun da ba shi da ikon tilasta wa mai saye a kasuwar Ikko, sai ya juyo ya zaftare shi daga abin da zai ba manomi. Albasa kuwa ba kamar gero take ba. Ko an adana ta a rudu kullum raguwa take yi, wadda aka riga aka zuba a buhu kuma ba ta jiran kowa.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne da wata tambaya ta yi ta yawo a tasha da gareji da ofis: shin dole ne sai da dizal? Me zai hana a mai da manyan motocin nan su riƙa shan fetur, ko iskar gas ɗin nan da Gwamnatin Tarayya ke ta talla? Tambaya ce mai ma'ana, kuma amsarta kashi biyu ce. Fetur dai ba mafita ba ne, ko kusa. Iskar gas kuwa mafita ce ta gaske, amma ba ga wanda ya yi gaggawa ba, kuma ba kafin an yi mata shimfiɗa ba.

Kafin a yi nisa, ya kamata a warware wani ruɗani na suna. Direbobi da 'yan tasha da "gas" suke kiran man dizal, har mutum ya ji ana cewa mota kaza mai gas ce, kaza mai fetur. A cikin wannan bayani, in an ce dizal, wannan man ake nufi. In an ce iskar gas, ana nufin iskar nan mai kamawa da wuta da ake haƙowa daga ƙasa.

Abin Da Ya Sa Dizal Ya Mallake Manyan Motoci

Injin fetur da injin dizal kamar tagwaye suke a ido, amma halinsu ya sha bamban. Dukansu Jamusawa ne suka daidaita su: Nikolaus Otto ya fito da nasa a 1876, Rudolf Diesel kuma ya nuna nasa yana aiki a 1897. A injin fetur, iska da mai ne ke gauraya su shiga silinda, fistin ya matse su har su koma kamar kashi ɗaya cikin goma na girmansu, sa'an nan fulogi ya ƙyasta musu wuta. Ba a iya matsa su fiye da haka sosai, domin fetur zai tashi da kansa tun lokaci bai yi ba, injin ya kama ƙwanƙwasa, ya ci kansa. A injin dizal kuwa iska ce zalla ake matsewa, har ta koma kashi ɗaya cikin 16 ko 18, zafinta ya wuce digiri 500 a ma'aunin santigiret, sai nozul ya fesa mai a cikinta, man ya kama da kansa. Shi ya sa babu fulogin ƙyasta wuta a injin tirela.

Daga wannan bambanci ne amfani uku suka fito. Na farko, gwargwadon yadda aka matse iska, gwargwadon aikin da ake tatsowa daga mai. Babban injin dizal mai lafiya yana mai da fiye da kashi 40 cikin ɗari na ƙarfin mansa zuwa aiki, alhali injin fetur na yau da kullum wajen kashi 30 yake tsayawa, sauran duk zafi ne da ke fita ta salansa da lagireto. Na biyu, litar dizal ta fi litar fetur nauyi, ta kuma fi ta ƙarfi da fiye da kashi 10 cikin ɗari. Na uku, injin dizal yana ba da ƙarfin ja tun yana juyawa a hankali, wanda shi ne abin da mota mai ɗauke da tan 30 ke bukata wajen tashi daga tsaye ko hawan tudu. Kuma da yake da ƙarfe mai kauri ake ƙera shi, ba ya kuma gudun wuce sa'a a cikinsa, yakan yi shekaru yana aiki kafin a sauke shi. In za a kwatanta, injin fetur doki ne, injin dizal raƙumi. Ba wanda ya ce doki ba ya ɗaukar kaya, amma azbinawa da suka san tafiyar gishiri ba su taɓa ɗora mangul a bayan doki ba.

Fetur: Hanyar Da Aka Bi Aka Dawo

Zuba fetur a tankin motar dizal ba gwaji ba ne, ɓarna ce. Dizal yana da maiƙo, kuma da wannan maiƙon ne famfon mai da nozul ke samun santsi. Fetur kuwa wanke su yake yi, ƙarfe ya goga ƙarfe, cikin ɗan lokaci mai mota ya wayi gari da gyaran da ya fi kuɗin man da ya yi niyyar ragewa. Saura ke nan a ce a cire injin gaba ɗaya a sa babban injin fetur. To, wannan an taɓa yi, ba sau ɗaya ba. Da yawa daga cikin motocin Bedford da Austin da suka yi jigilar gyaɗa da auduga a Arewa kafin mulkin kai da ɗan bayansa fetur suke sha. A Amurka, inda fetur ya yi araha ƙwarai, kamfanin GMC har injin fetur mai silinda 12 ya ƙera wa manyan motoci a 1960, amma bai yi shekara goma a kasuwa ba. Tarayyar Sobiyet ta daɗe tana ƙera motar ZIL mai fetur, ita ma daga baya aka bar ta. Lokacin da Gwamnatin Tarayya ta kafa masana'antun harhaɗa manyan motoci a shekarun 1970, na Fiat a Kano, da Steyr a Bauchi, da Leyland a Badun, da Marsandi a Inugu, zance ya riga ya ƙare: manyan motocin da suka fito daga cikinsu na dizal ne. Duniya ba ta bar fetur a nan don ƙiyayya ba, lissafi ne ya kore shi.

Ga lissafin. A ƙaddara tirela mai cikakken lodi tana shan lita 40 a kowane kilomita 100. Daga Jega zuwa Ikko za ta sha wajen lita 340. In da injin fetur ne ke jan wannan lodi, idan aka haɗa ƙarancin ƙarfin man da yawan asarar injin, abin zai tasam ma lita 500. Ma'ana, sai litar fetur ta kasa kashi biyu cikin uku na kuɗin litar dizal kafin mai mota ya ma tashi babu riba babu faɗuwa, ba a kuma zancen kuɗin sabon inji da saurin lalacewarsa. Gaskiya ne a 2022 hakan ta faru, lokacin da farashin fetur na hukuma bai kai N200 ba, dizal kuwa yana N800. Amma wannan arahar ba ta fetur ba ce, ta baitulmali ce, domin an daɗe da sakin farashin dizal ga kasuwa, alhali ana biyan tallafi a kan fetur. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar ƙarshen tallafin. Cikin 'yan kwanaki lita ta kai wajen N500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta taɓa N1,000. Wanda ya musanya injinsa a 2022 saboda arahar fetur, da a 2023 ya ciji yatsa.

Bugu da ƙari akwai maganar rai. Tururin fetur yana kamawa da wuta ko a tsakiyar hunturu, alhali dizal sai ya ɗumama ya wuce digiri 50 kafin tururinsa ya kama. Mutanen ƙasar nan sun ga abin da fetur ya yi a Majiya ta Jihar Jigawa cikin Oktoban 2024, inda fiye da mutum 150 suka rasu bayan faɗuwar tanka, da kuma a mararrabar Dikko ta Jihar Neja cikin Janairun 2025. Tirela gida ce ga direba da yaran mota: a ƙarƙashinta suke kwana, a gefenta suke hura wutar shayi. Rataya mata lita ɗaruruwa na fetur a kowane gefe ba hikima ba ce.

Iskar Gas: Iri Uku Ce

Da yawa kan ruɗe a nan, domin abu uku ake kira da suna ɗaya. Akwai gas ɗin girki, wanda ake sayarwa a tukwane. Shi ne masu janareto da masu injin ban ruwa a wurare da dama suka koma wa bayan cire tallafi, kuma ya yi musu aiki cikin sauƙi, domin injinansu na fetur ne, suna da fulogi, ɗan kafireto kawai ake canzawa. Amma wannan ba abincin tirela ba ne, kuma mai da shi man mota mai yawa zai ƙara tsadarsa ga matan da ake roƙo su bar itace. Sauran biyun asalinsu ɗaya ne, watau iskar da ke fitowa daga rijiyoyin mai. In an matse ta da ƙarfi aka ɗura a tukwanen ƙarfe, ita ce ake kira CNG. In kuwa an sanyaya ta har digiri 162 ƙasa da sifiri, sai ta zama ruwa, girmanta ya ragu sau 600, ita ce ake kira LNG.

Wannan iska tana da halin da fetur ba shi da shi: tana jure matsi sosai ba tare da ta tashi da kanta ba, don haka ana iya ƙera mata babban inji mai ƙarfi wanda ba ya ƙwanƙwasa. Amma wannan halin ne kuma ya sa ba ta kamawa a injin dizal sai an ƙyasta mata. Hanya biyu ake bi. Ko dai a ƙera inji na gas zalla mai fulogi, wanda ƙarfinsa ya kusa da na dizal ko da yake ya ɗan fi shi ci. Ko kuma a bar injin dizal yadda yake, a riƙa shigar da gas tare da iska, ɗan dizal ɗin da nozul ke fesawa ya zama kamar ashana. A wannan hanya ta biyu gas yakan maye kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin dizal, wani lokaci fiye, kuma tana da wata fa'ida babba ga mai tafiya mai nisa: in gas ya ƙare a daji, mota ta ci gaba da dizal kamar da.

Ba zancen mafarki ake yi ba. A Indiya, Kotun Ƙoli ta ba da umurni a 1998 cewa motocin bas na birnin Delhi su bar dizal, kuma kafin ƙarshen 2002 sun koma CNG. A ƙasar Sin an sayar da manyan motoci masu gas fiye da 150,000 a shekarar 2023 kaɗai, saboda gas ya fi dizal araha a can a lokacin. A Amurka kamfanin Cummins ya fara fitar da injin gas mai lita 15 a 2024, musamman domin tireloli masu tafiya mai nisa. A nan gida kuwa, Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka arzikin iskar gas da aka tabbatar, kuma shekara da shekaru ana ƙone wani kaso nata a banza a bakin rijiyoyi. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin shekara goma na gas a 2021, gwamnatin da ta biyo baya ta kafa shirin shugaban ƙasa na CNG cikin Agustan 2023. Kamfanin siminti na Ɗangote ya karɓi manyan motocin gas 1,500 a 2024, matatarsa kuma ta ba da sanarwar sayen tankoki 4,000 masu aiki da gas a 2025. A 2024, awon gas mai ƙarfin kusan litar dizal ɗaya bai kai N300 ba a tashoshin da ke sayar da shi, alhali dizal ya wuce N1,000. Ga kuma ƙarancin baƙin hayaƙi, wanda duk mai shago a bakin titin Jega ya san daɗinsa.

Ba Inji Ne Matsala Ba, Tasha Ce

To, in haka ne me ake jira? Abin da ake jira shi ne wurin shan gas. Iska ko an matse ta iska ce: kafin CNG ya ba da ƙarfin litar dizal ɗaya sai ya ci wuri sau huɗu ko biyar. Tirelar da lita 340 za ta kai ta Ikko, in da CNG ne sai ta ɗauki tukwanen da cikinsu ya kai wajen lita 1,500, ga nauyin ƙarfensu da zai rage yawan buhunan da za a ɗora. A zahiri ba a yin haka. Ana sa tukwane daidai gwargwado ne, a riƙa tsayawa ana sha a hanya. Ita kuwa tashar gas ba kamar gidan mai take ba, da za a haƙa rami a binne tanki a jira tanka. Mafi arahar tasha ita ce wadda ke kan bututu, shi ya sa tashoshin farko suka taru a Benin da Legas da Badun da Abuja. Babban bututun da aka fara shimfiɗawa a 2020 domin kawo gas Arewa, mai tsawon kilomita 614, daga Ajakuta ya tashi, ya bi ta Abuja da Kaduna zuwa Kano. Bai bi ta Jihar Kebbi ba. Duk gas ɗin da za a sha a Jega, a mota za a kawo shi, kuma kowane kilomita da ya yi a hanya sai ya rage wani abu daga araharsa.

LNG ya fi dacewa da nisa, domin abin da zai maye litar dizal ɗaya bai kai lita biyu ba, kuma kamfanin Greenville ya nuna ana iya ɗauko shi a tankoki daga Rumuji ta Jihar Ribas zuwa Arewa. Amma shi ma da nasa sharaɗi. Tankinsa kamar fulas yake, komai kyansa zafi na shiga a hankali, in mota ta yi kwanaki da yawa a tsaye sai ruwan ya riƙa komawa iska yana fita. Wanda ya san yadda tirela kan yi kwanaki a bakin kasuwa tana jiran lodi ya cika, ko a kan hanya tana jiran kayan gyara, ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

A nan ne bambanci ya fito tsakanin motar kamfani da motar mutum ɗaya. Motar kamfani daga gida ɗaya take tashi, hanya ɗaya take bi, gida ɗaya take komawa, kuma kamfanin na iya gina tasharsa a ƙofar masana'antarsa. Tirelar albasa kuwa inda kasuwa ta kira take zuwa: yau Ikko, gobe Anacha, jibi Fatakwal, wata rana ta bi ta Kamba ta tsallaka iyaka. Wannan shi ne babban abin tsoro a cikin al'amarin, kuma ba a faye faɗinsa ba. Idan manyan kamfanoni suka koma man da bai kai rabin kuɗin dizal ba, mai mota ɗaya ko biyu a Jega ko Maiyama kuma aka bar shi da dizal, to ranar da motocin gas suka fara neman lodin dawowa a kasuwannin nan, ba zai iya karawa da su ba. Bayan kowace tirela kuwa akwai direba, da yaran mota, da 'yan kamasho, da 'yan dako, da bakanike, da mai faci, da mai abinci. Ba za a ce a hana ci gaba domin su ba, amma ba daidai ba ne ci gaban ya zo ya same su a tsaye.

Akwai kuma darasin Pakistan. A can an ƙarfafa wa jama'a gwiwa, miliyoyin ƙananan motoci suka koma CNG, sai gas ɗin ya kasa isa, aka shiga rufe tashoshi kwanaki a mako, layi ya yi tsawo, masu motoci da yawa suka koma fetur bayan sun kashe kuɗin juyi. A nan ma arahar gas da hannun hukuma a ciki, domin ita ke tsayar da farashin da ake sayar da shi a cikin gida, kuma an riga an ga ƙari a tashoshi cikin 2025. Wanda tallafin fetur ya taɓa yaudara, ya cancanci a gaya masa gaskiya tun da wuri.

Haɗari na ƙarshe shi ne juyin bakin titi. Makanikan ƙasar nan gwanaye ne, amma tukunyar CNG ba abar walda ba ce. Ƙarfin iskar da ke cikinta ya ninka na tayar tirela fiye da sau 20, ya kuma ninka na tukunyar girki haka. Cikin Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a wata tashar gas a birnin Benin, mutane suka jikkata, bincike kuma ya nuna tukunyar ƙirar gida ce. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Da farko, tasha kafin mota. Babu wurin da ya fi Jega cancanta a wannan yanki, domin nan ne hanyoyin Sakkwato da Birnin Kebbi da Kwantagora suka haɗu. Amma tasha ɗaya ba ta kai mota Ikko. Sai Gwamnatin Jihar Kebbi ta haɗa kai da na Sakkwato da Neja da Kwara, da 'yan kasuwa masu jari, a jera tashoshi a Yawuri ko Kwantagora da Mokwa da Ilori, ta yadda direba ba zai yi fargabar tsayawa a daji ba. Sabuwar babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri, mai tsawon kilomita 1,068, wadda aka ƙaddamar da aikinta a 2024, ita ma ya kamata a keɓe mata filayen tashoshin gas tun yanzu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, a fara da na kusa. Motocin tifa, da tankokin ruwa, da motocin bas masu zirga-zirga tsakanin Jega da Birnin Kebbi da Sakkwato, da masu kai shanshera masana'antun shinkafa na Birnin Kebbi da Argungu, duk a gida suke kwana, tasha ɗaya ta ishe su. Su ne za su ba tashar ciniki har ta tsaya da ƙafarta, kuma a kansu ne makanikai za su koyi aiki. Motocin ma'aikatu da na ƙananan hukumomi su kamata su zama zakaran gwajin dafi, ba motar talaka da ya ci bashi ya saya ba.

Na uku, ilmi. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha, wadda aka kafa a Aliero a 2006, tana zaune ne a bakin wannan hanya, ga kuma Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi. Su ya kamata su horar da makanikai, su kafa wurin gwada tukwane da ba da shaidar lafiyarsu. Babu aikin binciken da ya fi wannan amfani ga ɗalibin injiniya: a ɗauki tirela biyu, ɗaya ta dizal ɗaya ta gauraye, a bi su daga Aliero zuwa Ikko da lodi iri ɗaya, a auna abin da kowace ta sha da abin da ta lalata, a buga sakamakon da Hausa yadda mai mota zai karanta ya yanke wa kansa shawara.

Na huɗu, rance. Mafi yawan tirelolin da ke wannan hanya tsofaffi ne da suka gama aiki a Turai, kuma ba kowace ce injinta zai karɓi juyi ba. Wadda injinta ke da sauran ƙarfi, a yi mata na gauraye a wurin da hukuma ta amince; wadda ta gaji, in lokacin sauya ta ya yi, a taimaki mai ita ta hannun ƙungiyarsa da rance mai sauƙi ya sayi ta gas daga masana'anta. Gwamnatin Tarayya kuma ta fito fili ta bayyana yadda za a riƙa tsayar da farashin gas na shekaru masu zuwa, domin mutum ya san abin da ya taka.

Kafin duk wannan ya tabbata, akwai dizal mai yawa da ake zubarwa a banza wanda ba ya bukatar sabon inji. Ramukan hanya da ke sa direba ya yini a ƙaramar giya, da shingayen karɓar kuɗi inda mota ke tsaye inji na aiki, da lodin da ya wuce kima, da taya marar cikakkiyar iska, da nozul da ya daɗe bai ga bakanike ba, da dawowa wayam daga Kudu, kowannensu lita yake ci. Gyara waɗannan aikin ma'aikatan gwamnati ne da ƙungiyoyin sufuri, kuma ba sai an jira bututu ba.

A taƙaice dai, dizal bai hau kujerarsa da gado ba, da aiki ya hau, kuma zai daɗe a kanta a wannan hanya. Fetur an gwada shi an bar shi, babu dalilin komawa. Iskar gas ita ce ke da alamar gadonsa, kuma Allah ya hore wa ƙasar nan ita. Abin da ya rage shi ne ko za a kawo ta Jega cikin shiri, yadda manomin Aliero zai ga ragin kuɗin buhu, mai motar Maiyama kuma ya ci gaba da riƙe sitiyarinsa, ko kuwa za a bari ta zo ta wuce su a kan titi cikin motocin wasu. Wannan shawara tana hannun hukuma, kuma lokacin yanke ta ya yi.